Tambaya da Amsa: Maɓallin da ke ƙirga dannawa ɗaya sau biyar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Mabera, Sakkwato, ina haɗa na'urar ƙidayar jarkokin da ake cikawa a rijiyar burtsatse. Na sa maɓalli a ƙafa ta 2 ta allon Arduino Uno, na saita katsewa (interrupt, wato allon ya dakatar da abin da yake yi nan take ya amsa dannawar) domin kowace dannawa ta ƙara ɗaya. Sai dai dannawa ɗaya takan ƙara uku ko biyar, wani lokaci ma lambar ta haura ba wanda ya taɓa. Ko maɓallin ne ya lalace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maɓallinka lafiyarsa ƙalau, kuma ka zaɓi ƙafar da ta dace, domin a Uno ƙafa ta 2 da ta 3 ne kaɗai umarnin saita katsewa na attachInterrupt yake aiki da su. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka.

Lambar da ke haura da kanta alama ce ta ƙafar da aka bari tana lilo, ba a ɗaure ta da bolt 5 ba, ba kuma da layin GND (bolt sifili) ba, don haka duk wata wuta da ta gilma kusa da wayar sai ta ɗauke ta a matsayin dannawa. Abin ya fi muni idan wayar doguwa ce, musamman a hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa wuta ta taru a jikin mutum da tufafinsa. Ka saita ƙafar da INPUT_PULLUP, wanda zai kunna resista mai ƙarfin kilo-om 20 zuwa 50 ta cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Uno, ka haɗa maɓallin tsakanin ƙafar da GND, sannan a attachInterrupt ka zaɓi FALLING, wato katsewa lokacin da wuta ta sauka, tunda yanzu dannawa ce ke sauko da wutar. Idan wayar ta kai wasu mitoci, ƙara resista mai kilo-om 10 daga waje.

Ta biyun ita ce ta fi wahalar da masu koyo. Ƙarafan da ke cikin maɓalli ba sa haɗuwa lokaci guda. Sukan taɓa juna su rabu sau da dama cikin 'yan milisakan kafin su natsu. Yatsa ba ya jin wannan, amma kwakwalwar allon, wadda agogonta ke bugawa sau dubu 16 a milisakan ɗaya, tana ganin kowane tsalle, tana kuma ƙirga shi da gaskiya. Mutane da yawa sukan sa sharaɗin a yi watsi da duk katsewar da ta zo cikin milisakan 50 bayan ta farko. Wannan yana rage ɓarnar, amma bai kawar da ita ba, domin ƙarafan suna yin tsallen a lokacin sakin maɓalli ma, kuma mai cika jarka zai iya riƙe shi fiye da sakan guda. Abin da na fi amincewa da shi shi ne aikin katsewar ya ɗaga tuta kawai, wato ya canza wata ƙima da ke nuna an danna, ya fita, sannan loop, sashen shirin da ke maimaituwa kullum, ya jira milisakan 30, ya sake duba ko ƙafar tana ƙasa, kafin ya ƙara lissafi. Kafasita mai nanofarad 100 a gefen maɓallin tana taimakawa.

Kada ka sa umarnin jira na delay a cikin aikin katsewa, domin a can millis, mai ƙirga milisakan, ba ya gaba. Tutar kuwa ka ayyana ta da volatile, in ba haka ba loop na iya ci gaba da karanta tsohuwar ƙima.

A ganina ma, aikinka bai buƙatar katsewa sam. Hannun ɗan Adam ba shi da saurin da zai kuɓuce wa loop mai duba ƙafar kowane milisakan 5. Inda katsewa take da amfani shi ne idan da batir ko sola za ka kunna na'urar, kana son ta yi barci tsakanin jarka da jarka don tattalin caji. A wannan hali ka canza FALLING zuwa LOW, domin zaman wutar ƙasa a ƙafa ta 2 yana farkar da ATmega328P ko daga barci mafi zurfi.