Tambaya da Amsa: Kafala, Hurub da Haƙƙin Ma'aikaci a Saudiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban gida ne a Jidda, shekarata uku. Ana ta cewa an sauya dokar kafala, mutum zai iya canza wurin aiki ba da izinin kafil ba, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki. Maigidana ya riƙe mini albashin wata huɗu. Shin zan iya barinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara duba sana'ar da aka rubuta a kan igamarka, wato katin izinin zamanka, domin ita ce ke nuna dokar da ta hau kanka. Gyaran da ya fara aiki ranar 14 ga Maris, 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canza kafil bayan shekara ɗaya ta manhajar Qiwa, na ma'aikatan kamfanoni ne. Bai haɗa da direban gida, 'yar aiki, makiyayi da mai kula da lambu ba, kuma a nan mutanenmu da yawa suke. Ku lamarinku yana ƙarƙashin Musaned, manhajar gwamnati ta ma'aikatan gida.

Duk da haka kana da mafita. Idan albashi ya kai wata uku ba a biya ba, ana iya mayar da kai hannun wani kafil ko da na farkon bai yarda ba. Ka kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911, ka shigar da ƙara, ka tanadi kwafin kwantiragi da bayanan asusunka. Yanzu doka ta ce albashin ma'aikacin gida ya bi ta banki ko asusun waya, shi ya sa watan da ba a biya ba yake fitowa fili. Kada ka sa hannu a takardar karɓar kuɗin da bai shiga hannunka ba. Da irin wannan takarda ake kayar da mai gaskiya.

Babban kuskure shi ne tattara kaya a gudu kafin a kai ƙara. Kafil zai riga ka, ya rubuta cewa ka bar aiki, abin da muke kira hurub. Daga nan kwana 60 gare ka. Wanda ya haura shekara biyu a ƙasar, kamar kai, zai iya komawa wani kafil ko ya yi fitar ƙarshe, wato ya bar ƙasar gaba ɗaya, wanda bai kai ba kuwa fita kawai ta rage masa. Kwanakin na cika ka zama marar takarda, ƙarshenta tarhil, wato a tsare ka a gidan tsare baƙi na Shumaisi a mayar da kai gida. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne iyali a gida, masu jiran kuɗin makaranta da na asibiti, su wayi gari babu komai.

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin gine-gine a Riyad shekara shida, ina so in ajiye aiki. Nawa ne kuɗin sallamata?

Amsa: Rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar na farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan haka. Naka ya kama albashin wata uku da rabi, a kan albashinka na ƙarshe. Amma tunda kai ka ajiye, kuma kana tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku za a ba ka. Idan kwantiraginka mai wa'adi ne ya ƙare da kansa, duka za ka karɓa, don haka in saura 'yan watanni, Malam, ka daure. In aka hana ka, ka kai ƙara kafin wata 12 su cika da barin aikin.