Tsohuwar Honda CG125: a ƙara mata girman inji ko a sauya shi gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina da tsohuwar Honda CG125 da na gada a wurin mahaifina. Yanzu tana hayaƙi, kuma in na ɗauki mutum ba ta ja. Wani bakanike ya ce a yi mata bora, wato a faɗaɗa ramin silinda, ta koma cc 150, wani kuma ya ce in ɗora sabon inji kawai. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Bora kaɗai ba za ta kai ka 150 ba. Faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne, tafiyar fistin sama da ƙasa kuma 49.5, shi ya ba da cc 124. Fistin ɗin obasayis, wato wanda ya ɗara na asali faɗi, yana zuwa ne a matakai huɗu: ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ko an kai na ƙarshe, cc 128 da ɗoriya za ka samu. Wannan yana maganin hayaƙi, yana dawo da ƙarfin da ya zube, amma ba ya ƙara wani sabo. In abin da kake nema ke nan, a auna silindar, a ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da zai share zaizayar, a sa sabon ringi, a wasa bawul, shi ke nan.

Kafin a kai cc 149 sai fistin mai faɗin milimita 62, wato sai an canza bulok ɗin dungurungum da irin na CG150 na Caina. A nan aikin yake da wuya. Gindin silif ɗin sabon bulok, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa, ya fi na tsohon kauri, sau da yawa ba ya shiga bakin kaskon injin sai an raba injin biyu an kai wa mai injin sassaƙa ya faɗaɗa bakin. Abin da aka sassaƙe kuma ba ya dawowa. Don haka kafin ka biya kuɗi a kasuwar kayan gyara ta Ladipo ko a wani shago, ka tafi da tsohon bulok da fistin a hannu. A auna kaurin gindin silif, a gwada ramukan ƙusoshi huɗun da ke ɗaure bulok, a duba kaurin fin ɗin fistin, domin akwai mai milimita 15 akwai mai 13, kuma dole ya dace da konrod ɗinka, wato sandar da ke riƙe da fistin.

Kan injin ma abin lura ne. In aka mayar da kan 125 bisa fistin 62, matsin cikin silinda yana iya tashi daga kusan 9 zuwa sama da 10. Sai ka riƙa jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ka murɗa a kan tudu, kuma wannan ƙarar ce ke huda fistin. A haɗa da kan 150, da kafireto PZ27 a madadin PZ26. Bayan tafiya a kwance filogi a duba: ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai, fari fat kuma alamar mai ya yi kaɗan, inji na cin wuta, sai a ƙara girman jet, wato ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto.

Zafi shi ne babbar matsala a Legas. Iska ce ke sanyaya wannan injin, baƙin mansa kuma bai wuce lita ɗaya ba. A gosulo babu iska, ga shi an ƙara masa wuta a ciki, silif sai ya karkace, ringi ya daina kamawa, hayaƙin ya dawo.

Shi ya sa in har ƙarfi kake so, na fi ba ka shawarar ɗora cikakken injin CG150, ka ajiye na asali a wuri busasshe bayan ka zuba ɗan baƙin mai ta ramin filogi. Darajar tsohon babur tana tare da injinsa na asali. Wuraren ɗaure 150 galibi suna dacewa da firam ɗin CG125 ba tare da walda ba. Na 200 kuwa ya fi tsawo, maɗaurin sama ba ya haɗuwa, jijjigarsa tana tsaga tsohon firam, birkin ganga kuma ba a yi shi don wannan gudun ba. Ka bar shi.

Haɗa wayoyin wuta ne zai ci lokaci. In babur ɗin na farko-farko ne, mai wutar bolt 6 da fayin, sabon injin bolt 12 ne da CDI, wato akwatin lantarkin da ke ba filogi wuta a madadin fayin, saboda haka batir, regileta, kwayil, ƙwayayen fitila da ham duk sai an canza. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tabbatar sifiroket ɗin gaba da na baya suna layi ɗaya, in ba haka ba sarƙa za ta riƙa zamewa. Ka kuma tambayi tsarin giyar, domin wasu injunan Caina giyarsu zagaye take yi, daga ta ƙarshe ta faɗa furi. Sabon takalmin birki gaba da baya wajibi ne.

Kilomita 500 na farko a bi a hankali, sannan a juye mai, a wanke rariyarsa, a saita bawul a kan milimita 0.08 injin yana sanyi. A yi amfani da man babur 20W-50, domin kulocin a cikin mai yake, wasu mayukan mota suna sa shi santsi.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, ka je ofishin lasisi a gyara takardunka, kada lambar jiki da ta takarda su saɓa a shingen bincike. Kuma komawa 150 ba ta buɗe maka manyan titunan da dokar Legas ta hana wa baburan da ba su kai cc 200 ba.