Maganin barci da sandarewar jikin yaro

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 4 ya yi sanƙarau yana jariri, kuma tun daga lokacin ƙafafunsa ke sandarewa har suna harɗewa. Wata maƙwabciyata a nan Garwa ta ce in sayo Valium a kasuwa in riƙa ba shi. Shin hakan ya dace?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaron nan sauƙi. Akwai gaskiya a maganar maƙwabciyarki, domin Valium, wanda ainihin sunansa diazepam, yana sassauta tsoka, kuma likitoci na amfani da shi tun 1963. Sai dai ban amince ki saye shi a kasuwa ba.

Matsalar ɗanki ba daga tsoka ta taso ba. Sanƙarau ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke umartar tsoka ta saki, shi ya sa take zama a ɗaure. Diazepam yana ƙarfafa wani sinadari mai suna GABA da ke rage kaifin jijiyoyi, amma ba ya ware ƙafa ya bar sauran jiki, saboda haka yaro kan yini yana gyangyaɗi, wuyansa ya saki, yawu ya riƙa dalala. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗiya, domin yaron da barci ya rinjaya yakan ƙware da kunu, abincin ya gangara huhu ya haifar da ciwo, kuma idan maganin ya yi yawa numfashi ma yakan ragu. Ban da wannan, jiki yana sabawa da shi cikin makonni, kuma dainawa farat ɗaya na iya tayar da jijjiga.

Saboda haka muke ba da shi kaɗan, gwargwadon nauyin yaro, galibi da dare idan sandarewar na hana shi barci. Don amfanin yau da kullum an fi zaɓar baclofen, wanda aikinsa ya fi tsayawa a laka, ko da yake shi ma yana kawo kasala kuma ba a yanke shi kwatsam. Wani lokacin ma ba ma son kawar da taurin gaba ɗaya, tunda da shi wasu yara ke iya tsayuwa.

Ki kai shi sashen yara na babban asibitin Garwa, ki kuma nemi masu gashin ƙashi su koya miki miƙar da ƙafafunsa kullum, domin tsokar da ta riga ta gajarce ba ƙwayar da ke miƙe ta.