Amsa ga ƙanena mai neman gurbin karatun SERS

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka kammala digirin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jos, kana son zuwa nan Ingila ka yi bincike a kan SERS, wato dabarar ƙarfafa hasken Raman da ƙarfe don gano sinadarai, amma kana fargabar a ƙi ka don ba ka taɓa aiki da na'urar Raman ba.

Kwantar da hankalinka, na'urar ba wuya. Haska leza kake yi a kan samfur, hasken da ya dawo ya nuna maka tambarin sinadarin, kowanne da nasa kamar zanen yatsa. Tun da masanin kimiyya Raman ya gano wannan a 1928, damuwar ita ce raunin hasken. Sai a 1974 Fleischmann da abokan aikinsa a Southampton suka ga ya yi ƙarfi a kan azurfa mai kaushi, a 1977 kuma aka gane ƙarfen ne ke ninka shi wajen sau miliyan.

Wurin haɗa 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin azurfar da ke ƙarfafa hasken ake jin jiki. Ka tafasa naitiret ɗin azurfa da sitiret yau, ruwan ya rine, sakamako ya yi kyau. Gobe ka maimaita, ya ƙi. Hasken a 'yan matsatsun da ke tsakanin ƙwayoyin yake taruwa, su kuwa ba sa jeruwa yadda ka so. Ga kuma batun ware abin da kake nema. A tataccen ruwa komai ras yake fita, amma kawo ruwan kududdufin tsoffin ramukan kuza, ko gyaɗar da ake zargin tana da gubar afalatoksin, nan kowane tarkace ke rige-rigen manne wa azurfar. Dalma ma ba ta da tambarin kanta, sai an lulluɓe ƙwayoyin da sinadarin da zai cafke ta.

To a nan kake da abin nunawa. Nemi izini a ɗakin gwajin sashenku, ka haɗa ƙwayoyin, ka auna su da UV-Vis, na'urar auna hasken da samfur ke sha (kusa da nanomita 420 za ka ga tudun), ka yi ta maimaitawa kana rubutawa. Wannan za ka tura wa farfesa, tare da samfurin gida da kake son bincika. Wasiƙar "ina sha'awar fanninku" kullum suna samun irinta.

Batun kuɗi, duba tallafin karatu na Commonwealth da na PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur) tun da wuri. Kada ka taso da niyyar aikin gefe ya biya maka kuɗin makaranta, ba zai kai ba. Ka gaida Mama.