Likita Ya Amsa: Allurar Insulin, Ƙashin Wutsiya da Akuyar da Ba Ta Shan Lemo

Tambaya: Likita, ina da ciwon suga. An ce mini daga jikin alade ake haɗa allurar insulin. Gaskiya ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Malam, kwantar da hankalinka. Da can haka ne. Tun daga 1922, lokacin da aka fara yi wa mutum wannan allura a Toronto ta Kanada, daga jikin shanu da aladu ake tatso ta, har shekaru kusan 60. Abin da ya sa ta yi aiki a jikinmu shi ne kamanni: insulin ɗin mutum tubala 51 ne a jere, na alade ya bambanta da namu a tubali ɗaya tak, na saniya a uku. Masana halittu na lissafa irin wannan cikin hujjojin cewa dabbobi masu shayarwa tushensu guda. Amma tun 1982 ake sanya ƙwayar gadon mutum, wato umarnin da jiki ke bi ya haɗa insulin, cikin bakteriya ko yis su riƙa samar da ita, kuma irinta ce ta cika asibitoci yau. Don Allah kada ka bar allurarka saboda jita-jita. Na ga ƙafafun da aka yanke a kan haka.

Tambaya: Na faɗi a kan mazaunaina, aka ce ƙashin wutsiyata ne ya bugu. Mutum na da wutsiya ne? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

'Yata, sauranta ne. Ƙananan ƙasusuwa ne uku zuwa biyar a ƙarshen gadon baya. Ɗan tayi ma yana da 'yar wutsiya wajen mako na 5, ta ɓace kafin ƙarshen na 8. Ki riƙa zama a kan matashi mai laushi. In ciwon ya ƙi lafawa bayan 'yan makonni, ko ƙafa ta fara mutuwa, ki je asibiti.

Tambaya: Dasashina na zubar jini, aka ce ƙarancin bitamin C ne. To akuya fa, wa ke ba ta lemo? Daga wani makiyayi a Gombe.

Ka ba ni dariya, amma tambayar ta yi. Hantar akuya ce ke haɗa mata nata. Mu ma muna ɗauke da ƙwayar gadon wannan aiki, sai dai ta lalace, haka take a lalace a jikin birai irin su cimfanzi. Ci gwaiba, lemo da 'ya'yan kuka. Amma fa yawancin zubar jinin dasashi dattin haƙori ne ke kawo shi, don haka je a duba bakin tukuna.