Yawo da karnukan mutane don kuɗi a Landan: izinin wa ake nema?

Tambaya: Malam, ina zaune a kudancin Landan. Wasu maƙwabtana biyu suna biyana in fita da karnukansu yawo idan sun tafi aiki, yanzu kuma wasu uku sun nuna sha'awa. Wani abokina ya ce sai da lasisin ƙaramar hukuma, wani kuma ya ce babu ruwan kowa da ni. Wane ne mai gaskiya, kuma karnuka nawa doka ta yarda in riƙe lokaci guda?

Amsa: Ɗan'uwa, kowanne daga cikin abokan naka ya riƙe rabin gaskiya. A Ingila babu wani lasisi na ƙasa baki ɗaya da aka ɗora wa mai wannan sana'a. Ƙa'idojin 2018 da suka tsara ba da lasisin harkokin dabbobi sun shafi masu kiwon karnuka don sayarwa, da masu ajiye karen wani ya kwana ko ya wuni a wurinsu, amma ba su haɗa da mai fita yawo da shi ba. To sai dai rashin lasisin ƙasa ba ya nufin an sakar maka mara. Dokar da za ta hau kanka tana hannun wanda yake da iko da filin da ka taka, kuma a Landan kana iya tsallaka titi ɗaya ka fita daga ƙa'idar wata hukuma ka shiga ta wata.

Makamin da ƙananan hukumomi suke aiki da shi ya fito ne daga wata dokar majalisa ta 2014, wadda ta ba su ikon kafa umarnin kare wuraren jama'a, wanda ake taƙaita sunansa da PSPO. Da shi ne kansul, wato ƙaramar hukuma, take hana kare shiga filin wasan yara, ko ta wajabta a sa masa igiya a maƙabarta, ko ta tilasta kwashe kashinsa, ko kuma ta ƙayyade yawan karnukan da mutum ɗaya zai ja. Umarnin ba ya wuce shekara 3 sai an sabunta shi, saboda haka abin da wani ya gaya maka bara ba lallai ne ya zama shi ne a yau ba. Dokar ta 2014 ta ba jami'in kansul ikon yanka maka tara nan take har fam 100, idan kuma magana ta kai kotu tana iya kaiwa fam 1,000. Wasu hukumomin sun tsaya a kan karnuka 4, wasu 6, wasu kuma ba su sa iyaka ba sam.

Ba kowane filin shaƙatawa ne na kansul ba, kuma nan ne sababbin shiga suke yawan faɗawa. Filayen masarauta guda takwas, irin su Hyde Park da Richmond Park da Greenwich Park, suna ƙarƙashin hukumar Royal Parks ne, kuma duk mai karɓar kuɗi don yawo da kare a cikinsu sai ya sayi lasisinta, ya nuna takardar inshora. A Richmond Park akwai ɗaruruwan barewa da ke yawo a sake, don haka daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli, lokacin haihuwarsu, dole kowane kare ya kasance a igiya. Barewar da ta haihu tana iya afka wa kare, kuma wanda yake riƙe da karen ma ba ya tsira.

Game da adadi, shawarata ita ce kada ka wuce huɗu, ko da kansul ɗinku ta yarda da fiye da haka. Adadin da ƙungiyoyin kula da dabbobi na RSPCA da Dogs Trust suka ba masu sana'ar shawara ke nan. Na san lissafin da yake cikin ranka: awa ɗaya ce, tafiya ɗaya ce, kuɗin kare biyar ya fi na uku. Amma hannu biyu gare ka. Lokacin da ka sunkuya da leda kana kwashe kashin ɗaya, wa yake kallon sauran? Kuma karnukan gidaje daban-daban idan aka haɗa su sukan tunzura juna, su yi abin da ko wannensu ba zai yi shi kaɗai ba. A watan Janairun 2023, a wani tudu kusa da garin Caterham a yankin Surrey, wata mata mai shekara 28 da ke wannan sana'a ta rasa ranta sakamakon cizo, tana tare da karnuka takwas. Daga baya jami'in da ya binciki musabbabin mutuwarta ya ja hankalin gwamnati kan cewa babu dokar ƙasa da ta iyakance yawan karnukan da mutum zai fita da su. Ni ina ganin wannan giɓi ne da ya kamata majalisa ta toshe, maimakon a bar kowace kansul da nata. Kafin a yi hakan, kai ne za ka sa wa kanka linzami.

Ka kuma sani cewa da zarar igiya ta shiga hannunka, alhakin karen ya dawo wuyanka. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 tana kama wanda karen yake hannunsa a lokacin da ya ƙwace ya razana mutum ko ya ji masa rauni, ba mai shi kaɗai ba. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ma haka take: idan ka bar kare a mota cikin zafi ya galabaita, kai za a tuhuma. Shi ya sa inshorar da za ta biya diyya idan kare ya yi ɓarna take gaba da komai, tun kafin ka karɓi kare na uku. Ka duba wuyan kowanne, ka tabbatar akwai sunan mai shi da adireshinsa a jikin abin wuyansa, don doka ta wajabta hakan a bainar jama'a. Idan aka kawo maka nau'in XL Bully, tun ƙarshen 2023 ba ya fita sai da igiya da takunkumi a baki, kuma mai shi sai yana da takardar izinin riƙe shi. Kada ka kwance wa kowane kare igiya sai mai shi ya ba ka izini a rubuce.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru a kansa ba. Idan da bizar ɗalibi kake zaune, ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba, ko da ba ka cika awoyin aikin da aka ba ka a mako ba. Karɓar kuɗi kai tsaye daga maƙwabta sana'ar kai ce, kuma tana iya jawo maka matsala da hukumar shige da fice. Idan haka ne, sai ka nemi kamfanin da zai ɗauke ka ma'aikaci.

Abin da za ka fara yi a makon nan: rubuta sunayen filayen da kake zuwa, ka gano mai iko da kowanne, yawanci yana rubuce a allon da ke bakin ƙofa. Sannan ka aika wa sashen kula da filayen shaƙatawa na kansul ɗinku tambaya a rubuce kan adadin karnuka da kuma ko suna buƙatar lasisi, ka adana amsarsu a wayarka don ranar da jami'i zai tsayar da kai.