Amsoshin Wasiƙunku: Katifa Kafin Kujera

Tambaya: Anti, na samu aiki a Kano, na kama ciki da falo a Hotoro. Bayan kuɗin haya da na dillali, naira dubu 350 ce ta rage min. Da me zan fara? Da tunanin nake kwana. (Wani matashi daga Gumel)

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, sannu ba ta hana zuwa. Katifa, labule, ledar ƙasa, tukunyar gas mai kilo 6, fanka mai caji, bokiti da buta, su ne farko. Yanko yadin labule a Kantin Kwari ka kai wa tela, robobi kuma ka leƙa Ƙofar Wambai. Falo ka shimfiɗa leda, ka jefa tum-tum biyu, ya ishe ka tarar baƙo.

Amma katifar nan ina so mu tsaya a kanta, don nan ake cutar yaranmu. Masu jabu suna tattara guntayen soso su manne da gam, su lulluɓe da yadi mai sheƙi, su buga sunan manyan kamfanoni irin su Vitafoam ko Mouka. A shago sai ka rantse ta gaske ce. Ɗan ƙanwata ya taɓa ɗauko irinta saboda an rage masa kuɗi. Ko wata uku ba ta rufa ba tsakiyarta ta lotsa kamar kwarya, ya wayi gari yana dafe da ƙugu. Da muka farke gefenta, soso kala huɗu muka tarar a ciki, har da ɓarɓashi yana zuba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don albashinsa na farko ne ya tafi a banza. Saboda haka ka je wurin dilan da kamfani ya san da shi. Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, mai kyau ba ta tashi sakayau. Ka danna gwiwa a tsakiya ka ga ko za ta dawo nan take. Ka karɓi rasit da takardar garanti, in mai shago ya fara kame-kame ka kama gabanka. Kuma kai kaɗai ne, me za ka yi da katifa mai ƙafa shida da shida? Ƙarama mai nagarta ta fi maka.

Tambaya: Abokaina za su zo ganin gida. In ci bashin manhajar waya in sayi saitin kujeru da talabijin mai inci 65? (Daga Kaduna)

Amsa: Haba malam! Abokan su ne za su biya ruwan bashin? Masu bashin wayar nan in ka makara har 'yan uwanka suke kira su tozarta ka. Ka shiga adashi a wurin aiki, in ɗaukarka ta zo ka sayi kujera mai zaman uku.

Tambaya: Anti, ni malamar jinya ce, an tura ni Gusau. Kayan hannu nake son saya, amma ina tsoro. (Wata 'yarki)

Amsa: Tsoronki na kan hanya, 'yata. Tebur, sif da gadon ƙarfe na hannu ba laifi. Katifa da kujerun soso kuwa kada ki kuskura, kuɗin cizo a ɗinkinsu yake ɓuya, in ya shiga ɗaki sai kin sha wahala kafin ki rabu da shi. Gadon katako ki haska fitilar waya a mahaɗarsa, in kin ga ɗige-ɗigen baƙi ki bar shi. Ki guji allon MDF, wato na garin katako da aka matse, in ɗakin na da danshi, ruwa na taɓa shi yake kumbura. Firji a kunna shi a gabanki, ki zauna har bayansa ya yi ɗumi, cikinsa ya ɗau sanyi. In kuma kafinta za ki ba wa aiki, ki ba shi kuɗin katako kawai, sauran sai ya kawo kaya ƙofar ɗakinki.